Guguwar da Ba Ta Tayar da Ƙura: Yadda Ake Bibiyar Iskar Rana, da Abin da Ya Shafi Tarauni

Ranar Juma'a 10 ga Mayun 2024, wajen ƙarfe shida na yamma agogon Najeriya, na'urorin auna maganaɗisu a faɗin duniya suka zabura lokaci guda. Kafin sha biyun dare guguwar maganaɗisun ta kai mataki na biyar a ma'aunin hukumar NOAA ta Amurka, wanda babu na sama da shi, abin da rabon duniya da gani tun Oktoban 2003. A daren nan mutanen Ingila da Jamus suka fito tsakar gida suna ɗaukar hoton samaniya ta rine da ja da kore da shunayya. Hasken ya gangaro har Meziko da arewacin Indiya, ya hauro ta kudu har Afirka ta Kudu. A Amurka kuwa manoman da ke tsakiyar shuka sai ajiye taraktoci suka yi, domin GPS ɗin da ke riƙe su a kan layi ya rikice.

A Kano ba a ga komai ba. Wanda ya fito daga sallar isha'i a Gyaɗi-Gyaɗi da ke Tarauni ya ɗaga kai, samaniyar da ya saba gani ita ya gani. Sai dai rashin ganin haske bai fitar da mu daga lissafi ba. Kano na zaune kusan daidai ƙarƙashin layin da masana ke kira ikwaitar maganaɗisu, kuma a wannan yankin guguwa ba ta zuwa da ado. Takan bi ta rediyo, ta GPS, ta hanyar sadarwar jiragen sama, ta yi abin da za ta yi ta wuce ba wanda ya shaida ta.

Daga rana zuwa doron ƙasa

Tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne. Ban da haske da zafi, rana na feso wani siririn hayaƙi mai ɗauke da cajin lantarki, dare da rana, ta kowace fuska. Shi ne iskar rana. Eugene Parker na Jami'ar Shikago ne ya yi lissafin samuwarta a 1958, manyan masana na lokacin suka yi masa kallon mai shaci-faɗi, har sai da kumbon Mariner 2 ya auna ta a 1962. A rana ta yau da kullum tana gudun kilomita 400 a sakan ɗaya, kuma maganaɗisun duniya na karkatar da mafi yawanta ta wuce ta gefe.

Abubuwa biyu ne ke tayar da ita. Na farko wasu wurare ne a rawanin rana inda maganaɗisu ya buɗe, iska ke kwararowa da gudun kilomita 700 zuwa 800 a sakan. Da yake rana na kammala juyi ɗaya cikin kwana 27 a ganinmu, wannan iska takan dawo a kan lokaci, don haka hasashenta bai cika wahala ba, guguwarta ma ba ta cika tsanani ba.

Na biyun shi ne mai haɗarin. A kusa da baƙaƙen tabo da ke fitowa a fuskar rana, maganaɗisu kan murɗe har ya tsinke. Idan ya tsinke sai a ga walƙiya, wadda haskenta ke isowa nan cikin minti takwas da 'yan sakanni, sau da yawa kuma rana ta amayar da wani ƙaton curi mai nauyin tan biliyoyi, wanda masana ke taƙaita sunansa da CME. Curin kan yi kwana ɗaya zuwa uku a hanya. Wanda ya biyo bayan walƙiyar da Richard Carrington ya gani a Ingila ranar 1 ga Satumban 1859 bai cika awa 18 ba ya iso, ya hargitsa wayar tangaraho a Turai da Amurka. Na Mayun 2024 kuwa ba ɗaya ba ne: wani gungun tabo mai lamba 3664, wanda faɗinsa ya ninka na duniya kusan sau 16, shi ya riƙa jefo su a jere, na baya na cin ma na gaba.

Yawan tabon na hawa da sauka duk bayan shekara 11 ko kusa da haka. Zagayen da muke ciki, na 25 a ƙidayar masana, ya fara a Disamban 2019, kuma a Oktoban 2024 NASA da NOAA suka bayyana cewa ya shiga ganiyarsa.

Awon ƙarshe a kilomita miliyan ɗaya da rabi

Aikin mai hasashe yana farawa ne da kallo. Kumbon SOHO, wanda Turai da Amurka suka harba a Disamban 1995, yana da wata na'ura da ke toshe ƙwayar rana da gangan, ta haɗa husufi na ƙirƙira, domin a ga abin da ke tashi daga gefenta. Idan curin ya bayyana a gefe ɗaya, ya nufi wani wuri. Idan kuwa ya yi wa rana ƙawanya yana faɗaɗa, to ko dai mu ya nufo, ko kuma ta bayan rana ya fita. Sai a duba inda walƙiyar ta tashi a tantance. Daga nan a ƙiyasta gudunsa da faɗinsa, a zuba wa kwamfuta cikin wani tsarin lissafi mai suna WSA-Enlil, ta fitar da lokacin isowa. Duk da haka kuskuren awa goma gaba ko baya abu ne da aka saba da shi.

Sanin lokacin isowa ma rabin aiki ne. Abin da ke yanke hukunci shi ne inda maganaɗisun cikin curin ya fuskanta, abin da masana ke rubutawa da Bz. A goshin garkuwar maganaɗisun duniya, ta ɓangaren da ke kallon rana, maganaɗisunmu arewa ya fuskanta. Idan na curin ma arewa ya dosa, zai daki garkuwar ya matse ta, amma galibin ƙarfinsa ya zame ya wuce. Idan kuwa kudu ya juya, sai biyun su sarƙe, kafa ta samu, ƙarfin iskar ya kwararo ciki. James Dungey ne ya bayyana wannan a 1961. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Juyawar Bz kudu ita ce tsagewar bangon. Ƙarfin maganaɗisun iskar rana a kwanakin lafiya bai wuce nanotesla biyar ko shida ba. A daren 10 ga Mayu ya nutsa kudu har kusan 50, ya kuma daɗe a can.

Matsalar ita ce daga hoto ba a iya karanta wannan alƙibla. Sai curin ya taɓa na'ura. Shi ya sa aka girke kumbuna a wani wuri mai suna L1, kilomita miliyan ɗaya da rabi daga nan ta wajen rana, inda jan rana da jan duniya ke ba kumbo damar zama tsakaninsu kullum. Can ACE yake tun bayan harba shi a 1997, DSCOVR ya bi shi a 2015, Indiya ta aika Aditya-L1 a 2023, sannan a Satumban 2025 NOAA ta harba SWFO-L1 domin ya karɓi tsofaffin. Abu huɗu suke aunawa: gudun iskar, kaurinta, zafinta, da ƙarfi da alƙiblar maganaɗisunta.

Lissafin mai sauƙi ne, kuma shi ne iyakar fasahar yau. Iskar da ke gudun kilomita 400 a sakan za ta yi kusan awa ɗaya daga L1 zuwa nan. Mai gudun 800, rabin awa. Mai tsananin gudu, minti 15. Ke nan gargaɗin da ya fi inganci shi ne mafi gajarta, kuma gwargwadon haɗarin guguwa gwargwadon ƙarancin lokacin da take bayarwa. Wannan ne ya sa cibiyar NOAA da ke Boulder ke magana hawa-hawa: sanarwar a zauna da shiri kwana ɗaya zuwa uku kafin isowa, gargaɗi idan L1 ya tabbatar, sai sanarwar cewa ta sauka. A 2024 sun fitar da ta farkon tun ranar 9 ga Mayu, suna tsammanin mataki na huɗu. Da ta iso sai ta zarce.

Ma'aunin da ba da mu aka gina shi ba

Lambar da duniya ta fi amfani da ita wajen faɗin ƙarfin guguwa ita ce Kp, daga sifili zuwa tara, wadda Bajamushe Julius Bartels ya tsara a 1949. Kp 5 shi ne matakin G1, Kp 9 shi ne G5, wato mataki na biyar ɗin nan na NOAA. Ana haɗa ta duk awa uku daga tashoshi 13, kuma wata cibiya a Potsdam ta Jamus ke fitar da ita a hukumance. Tashoshin suna Turai, Amurka ta Arewa, Ostareliya da Niyuzilan. Babu ko ɗaya a Afirka, babu ko ɗaya a kusa da ikwaita.

Ba a yi hakan don mugunta ba. Can ne aka fi shan wahalar guguwa a fili. Ranar 13 ga Maris 1989 ta durƙusar da lantarkin lardin Kwibek na Kanada, mutum miliyan shida suka yi awa tara ba wuta. A Oktoban 2003 ta kashe wuta a birnin Malmo na Siwidin. A Fabrairun 2022 wata 'yar ƙaramar guguwa ta kumbura saman iskar duniya, taurarin Starlink 38 cikin 49 da aka harba suka kasa hawa, suka dawo suka ƙone. Amma ma'aunin da aka auna da samaniyar Kanada ba lallai ya faɗa wa mai safiyo a Darmanawa abin da zai tarar da daddare ba, domin samaniyarmu na da nata halin.

Samaniyar Kano da halinta

Daga kamar kilomita 60 zuwa sama, hasken rana na caja iskar duniya, ta zama wani rufi da ake kira ayonosfiya. A kan ikwaitar maganaɗisu, layin da ya ratsa arewacin Najeriya ba nisa da Zariya da Kano, maganaɗisun duniya kwance yake, bai karkata sama ko ƙasa ba. Wannan kwanciyar na haifar da abubuwa uku.

Na farko wani kogin lantarki ne da ke gudana gabas da rana, a tsayin kilomita 100 da 'yan kai, faɗinsa kimanin kilomita 600, ya fi ƙarfi wajen hantsi zuwa tsakar rana. An fara lura da alamarsa a Huwankayo ta ƙasar Peru a shekarun 1920, Sydney Chapman ya raɗa masa suna a 1951. Na biyu, da rana ana tunkuɗa cajin sama, ya gangara ya taru a ɗamara biyu, ɗaya a kan Sahara, ɗaya a kan Tekun Gini. Na uku kuma shi ya fi damun masu GPS: bayan magariba ƙasan rufin kan yamutse, wasu manyan kumfa marasa caji su taso su keta shi. Saƙon tauraron ɗan'adam da ya ratsa ta cikinsu sai ya riƙa rawa, wani lokaci ya yanke. A yankinmu abin ya fi yawa daga bayan isha'i zuwa tsakar dare, musamman a Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba.

Wannan yamutsi ba ya jiran guguwa, yana faruwa ko ba ita. Abin da guguwa ke yi shi ne sauya masa tsari. Idan ta sauka daidai lokacin faɗuwar rana a wurinmu, takan iya ƙara masa ƙarfi. Idan ta riga ta yi awanni tana kaɗawa, takan iya danne shi, daren ya yi lafiya lau. Guguwa ɗaya, Kp ɗaya, amma abin da za a gani a Kano ya bambanta da na Barazil ko Indiya, domin kowa da agogonsa.

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun shekarun 1950 Cyril Onwumechili na Jami'ar Ibadan, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Ife, yake auna wannan kogin lantarki, kuma littafin da ya wallafa a kansa a 1997 na cikin waɗanda masana ke komawa gare su. A shekarun 1960 Rosemary Hutton, 'yar Sikotlan da ta koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ta yi nata binciken a Zariya. Daga baya Jami'ar Kyushu ta Japan ta kafa ma'aunan maganaɗisu a Ilori da Legas da Abuja. Hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, wadda aka kafa a 1999, ta buɗe cibiyar binciken sararin iska a Anyigba ta jihar Kogi, wadda Farfesa Babatunde Rabiu ya jagoranta. A 2011 Abuja ta karɓi taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan yanayin sararin samaniya. Ofishin babban safiyo na tarayya ma ya kafa tashoshin GPS na dindindin, ciki har da na Zariya, Katsina, Birnin Kebbi, Yola da Toro.

Inda take taɓa mutumin Tarauni

A fara da kasuwar waya ta Farm Centre. Duk wata babbar waya da ke cikin gilashin 'yan kasuwar nan tana sauraron taurarin GPS da ke kilomita 20,200 a sama, tana lissafa inda take daga lokacin da saƙonsu ya ɗauka kafin ya iso. Ayonosfiya na jinkirta saƙon, idan ta rikice lissafin ya kauce da wasu mitoci. Ga ɗan kai saƙo a kan babur da ke neman wani gida a Court Road, ko direban da ya taso daga tashar Unguwa Uku, wannan ba wani abu ba ne. Zai tsaya ya yi tambaya. Ga mai safiyo kuwa, wanda ke kafa dutsen iyaka a Hotoro, kuskuren taku biyu na iya zama shari'ar shekaru tsakanin maƙwabta. Na'urarsa ta fi ta waya inganci nesa ba kusa ba, amma ita ma idan saƙon ya riƙa yankewa takan kasa tsayawa a kan lamba, ko ta ba da lambar da ba ita ba. Wanda ya san an yi gargaɗin guguwa zai ɗage awon, ko ya maimaita shi washegari.

Sai rediyo. Dattawan da suka tashi da sauraron Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, da Muryar Jamus da Rediyon Kaduna a gajeren zango, sun san yadda murya kan dusashe ta dawo. Gajeren zango na tafiya nesa ne saboda ayonosfiya na maido shi ƙasa. Babbar walƙiyar rana kan sa ƙasan rufin ya shanye shi gaba ɗaya a ɓangaren duniyar da ke cikin hasken rana, na mintoci ko fiye da awa. Wannan kuwa ba ya ba da sanarwa, tunda da gudun haske yake zuwa, kuma ya fi tsanani inda rana take tsaka, wato irin ƙasashenmu.

Yau tashoshin FM sun karɓe kunnen birni, amma jiragen sama ba su rabu da gajeren zango ba, musamman a kan Sahara da teku. A taswirar sufurin sama ta duniya, samaniyar Najeriya gaba ɗaya da sunan Kano aka san ta, gadon zamanin da garin yake mashigar jirage tun saukar na farko a 1925. Tun Nuwamban 2019 hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, take raba wa matuƙa gargaɗin yanayin sararin samaniya kan abu uku: rediyon nesa, GPS, da tururin da ke ƙaruwa a can sama. Jirgin alhazan da ya tashi daga filin Malam Aminu Kano yana cikin masu cin wannan moriya.

Na ƙarshe lantarki. Idan maganaɗisu ya yi saurin canzawa, wani lantarki na daban kan shiga dogayen wayoyi, ya ɗumama manyan taransifoma. An daɗe ana ɗaukar wannan ciwon ƙasashen sanyi ne, har sai da masu bincike a Jami'ar Kef Tawun suka danganta lalacewar wasu taransifomomin Afirka ta Kudu da guguwar 2003. A 2015 wani bincike da Brett Carter ya jagoranta ya nuna cewa kogin lantarkin ikwaita na ƙara wa bugun iskar rana ƙarfi, ko da guguwar ba ta kai a kira ta babba ba. Dogon layin da ke kawo wuta daga Kaduna zuwa tashar Kumbotso a ƙarƙashin wannan yanki yake.

Abin da bai kamata a ɗora wa rana ba

Duk lokacin da labarin guguwa ya bazu a Facebook da WhatsApp, sai ƙarya ta hau kansa. Guguwar maganaɗisu ba ta ƙara zafin Afrilu, ba ta ƙona farantin sola, ba ta cutar da jikin wanda ke doron ƙasa, kuma ba ta kai ta karkatar da alƙiblar da waya ke nunawa ba. Ƙarfen ƙofar masallaci ya fi ta tasiri a nan. Katsewar intanet ta ranar 14 ga Maris 2024 daga wayoyin ƙarƙashin teku da suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma ta fito. Duhun da Arewa ta shiga a ƙarshen Oktoban 2024, duk da ya zo kwanaki kaɗan bayan wata babbar guguwa ta ranar 10 ga watan, musabbabinsa a ƙasa yake: lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, da faɗuwar layin da ke biyowa ta Binuwai. Wanda ya jingina wa rana irin wannan, ya sauke wa masu alhaki nauyinsu ne kawai.

Giɓin da ya rage

Bayanan L1 kyauta ne. Ɗalibin kimiyyar lissafi da ke zaune a Babban Giji zai iya buɗe shafin NOAA a wayarsa ya ga gudun iskar rana da Bz na wannan minti, daidai da abin da ma'aikacin Boulder ke gani. Abin da shafin ba zai ba shi ba shi ne fassarar waɗannan lambobi a samaniyar Kano. Wannan sai da awon gida: ma'aunin maganaɗisu da na'urar GPS ta bincike, suna aiki ba yankewa shekara da shekaru, har a tara abin da za a ce idan Bz ya yi kaza da ƙarfe kaza, ga abin da ke biyo baya a nan. Na'urorin ba su fi ƙarfin jami'a ba. Abin da ke kashe irin waɗannan tashoshi a Afirka sananne ne: ɗaukewar wuta, rashin intanet, da rashin mai kula idan kuɗin aikin ya ƙare. Awon da ya yanke a daren guguwa kuwa ba ya maimaituwa.

Afirka ta Kudu ta nuna ana iyawa. Tashar Hermanus na cikin huɗun da ake haɗa wani ma'aunin guguwa na duniya mai suna Dst da su, kuma a Nuwamban 2022 hukumarsu ta buɗe cibiyar hasashe mai aiki dare da rana a can. Amma Hermanus na can kudu mai nisa. Jami'ar Bayero, da ta Wudil, da ta Zariya, su ne ke zaune a ƙarƙashin layin da duniya ke ƙarancin bayani a kansa.

Lokaci ma bai ƙure ba, bai kuma yi yawa ba. Manyan guguwowi kan zo ko bayan ganiya ta wuce, kamar yadda ta 2003 ta zo shekaru bayan ƙololuwar zagayenta. Turai na shirin harba kumbon Vigil a 2031, ya tsaya a gefe yana hango curin tun daga tasowarsa, abin da zai rage kuskuren lokacin isowa. Zagaye na 26 zai kankama a cikin shekarun 2030, lokacin da safiyo da noma da banki da sufuri a Kano za su fi yau dogaro da tauraron ɗan'adam. Tashar da aka kafa bana, aka riƙe ta da wuta da mai kula, ita ce za ta ba masu hasashen wancan lokaci awon shekara goma da za su yi aiki da shi.